Jirgin ne ko mai tuƙa shi? Musun da ya hana mu cin masa da zafinta

Ƙanina ne ya janyo wannan rubutun, don haka duk wanda ya gaji da karatu shi zai nema ba ni ba. Yaron nan tunda ya samu wata tsohuwar laftof ta hannu ya ɗora mata wasan nan na yaƙin jirage War Thunder shikenan muka rasa shi a gidan, in an kawo wuta yana kai, in an ɗauke yana zaune ya zuba tagumi yana jiran a kawo, karatun jami'ar ATBU ta nan Bauchi ma sai dai mu ce Allah ya bada sa'a. Ranar Asabar da ta wuce da safe muka je gaida Kawu a garejinsa, na biya ta Wunti na siyo masa masa (ku yi haƙuri, haka Hausar ta zo) mai zafi da miya, muka zauna a kan benci ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kafin a buɗe leda yaron ya fara.

Wai shi wallahi a duk yaƙin duniya na biyu babu jirgin yaƙi kamar Messerschmitt Bf 109 na Jamus, hujjarsa kuwa guda ɗaya ce, Erich Hartmann ya kakkaɓo jirage 352 da shi, Gerhard Barkhorn 301, Günther Rall 275, alhali gwarzon Amurka gaba ɗaya Richard Bong 40 kacal gare shi, na Rasha Ivan Kozhedub 60 da 'yan kai. Yace Yaya lissafi ai ba ya ƙarya.

Kawu da yake ya shekara wajen 40 yana kwance inji yana ɗaurawa, tun zamanin da Fijo 504 ke sarauta a hanyar Jos, ko ɗago kai bai yi ba yace kai yaro mota ba ta tuƙa kanta, na ga direban da aka ba sabuwar mota fil a leda ya kifar da ita kafin Nabordo, na ga wanda ya shekara 10 da gwangwani bai taɓa ko goga ba. Jirgi ma ai mota ce mai fiffike.

Ni kuma da nake ɗan karance-karancen tarihin nan tun ina sakandare sai na tsinci kaina a tsakiya, don a ganina dukkansu biyun kowa ya kama ƙafar gaskiya ɗaya ya saki sauran.

Na fara da ɓangaren Kawu saboda akwai misalin da ya fi kowanne goya masa baya, wani jirgin Amurka mai suna Brewster Buffalo, gajere mai tumbi kamar tulu. A yaƙin tsibirin Midway da ke tekun Fasifik ranar 4 ga Yuni 1942 sojojin Amurka sun tashi da irinsa guda 20 don su tari Japanawa, 13 ba su dawo ba, waɗanda suka tsira suka riƙa tsine wa jirgin suna cewa akwatin gawa ne mai tashi. Toh amma wannan jirgin dai, Finlan ta karɓi 44 a 1940, matuƙanta suka shiga da shi yaƙi da Tarayyar Sobiyet daga 1941, suka yi ikirarin kakkaɓo sama da jirage 450 su kuma waɗanda suka rasa a faɗan sama ba su kai 20 ba. Ilmari Juutilainen shi kaɗai 34 ya harbo da Buffalo, cikin 94 da ya yi gaba ɗaya. Kawu ya tafa hannu yace ka ji ko. Nace Kawu tsaya tukuna, samfurin da Finlan ta samu ya fi wanda aka kai Midway rashin nauyi, sannan su 'yan Midway yawancinsu sabbin yaye ne daga makaranta kuma suka ci karo da jirgin Zero a hannun Japanawan da suka goge tun yaƙin China, su kuma 'yan Finlan tsofaffin hannu ne suna fuskantar Rashawan da a lokacin horonsu da dabarunsu duk a baya suke. Kenan ba jirgin kaɗai ba, ba matuƙin kaɗai ba, har da wa ka tarar a gabanka ranar.

Shi kansa Zero ɗin abin kallo ne. Mitsubishi ne suka ƙera shi, eh wannan Mitsubishin dai da kuka sani da Canter, kuma don ya yi nisan zango ya iya shan kwana kamar tsattsewa sai suka cire masa duk abin da ke da nauyi, babu sulken ƙarfe a bayan matuƙi, tankin mai ba shi da robar nan da ke toshe kanta in harsashi ya huda. In ka ce za ka yi ta zagaye da shi ka mutu, amma in ka samu ka ɗan yayyafa masa wuta sai ya kama kamar busasshiyar ciyawa. Amurkawa da jirginsu Wildcat mai nauyi, da suka ga ba za su iya shan kwana da shi ba sai wani hafsa John Thach ya zauna a teburin gidansa da sandunan ashana yana jujjuya su har ya fito da wata dabara, jirage biyu su riƙa saƙa suna gittawa juna, duk Zeron da ya bi bayan ɗaya zai faɗo gaban bindigar ɗayan. Jirgi bai canza ba, mutum ne ya canza yadda ake riƙe shi.

Inda Kawu ya ajiye masa ya matso kusa shi ne da na zo kan Spitfire na Ingila, don nan maganar ta shigo garejinsa. A yaƙin sararin Birtaniya na 1940 injin Merlin da ke cikin Spitfire da Hurricane kafireto gare shi, shi kuwa Bf 109 injekta ne. Abin da ke faruwa, in Bajamushe ya ga an biyo shi sai kawai ya danna hancin jirgi ƙasa ya sulale, Bature ɗan Ingila in ya yi haka nan take man da ke kofin kafireto ya tashi sama, inji ya fara tari don mai ya yanke, daga nan kuma mai ya malalo ya shaƙe shi, kafin ya farfaɗo wancan ya yi nisa. Sai dai ya fara kifa jirgin rigingine sannan ya bi shi, kuma sakan biyun nan da ya ɓata su ne komai. Kawu yace fulot ne, abin nan da ke iyo a kofin yana daidaita mai, fulot ɗin ne ya daina aiki tunda an juya masa duniya, ai ko a mota in ya maƙale haka take shan mai ta mutu. Nace toh Kawu ka san wa ya gyara? Wata mace ce injiniya, Beatrice Shilling, wadda tseren babur take yi ma a rayuwarta, ta ƙera wata 'yar wosha ta tagulla mai rami a tsakiya daidai yadda man da inji ke buƙata kawai zai wuce, ta bi sansanonin sojan sama a farkon 1941 ana saka ta. Ba ta kawar da matsalar gaba ɗaya ba amma ta hana inji shaƙewa har zuwa lokacin da aka kawo sabon kafireto. Kawu ya yi shiru can yace mace? Nace mace. Yace Allah ya yi mata basira, wosha ɗaya.

Kuma abin da masu wasan kwamfuta ba sa so a faɗa, a wancan yaƙin Hurricane ya fi Spitfire yawa kuma ya fi shi kakkaɓo jirage, duk da shi ne mummunan, jikinsa na baya ma katako ne da ƙarfe aka lulluɓe da yadi, wanda hakan ya sa makanikai ke iya like shi cikin dare ya tashi da safe. Rundunar da ta fi kowa ikirari, ta 303, 'yan Folan ne a cikin Hurricane, ba su ma shiga faɗan sosai ba sai ƙarshen Agusta amma suka ce sun harbo 126, mutanen da suka riga suka yi yaƙi a ƙasarsu a 1939 suka sake yi a Faransa a 1940, ga ɗacin rai, sai sun matso dab da kai suke buɗe wuta. Shi kuma Bf 109 ɗin ƙanina in ya tsallako teku ya iso Landan bai fi ya yi minti 10 zuwa 20 ba fitilar mai ta fara yi masa gargaɗi, dole ya juya. Ɗan Ingila in an harbo shi ya diro da lema a gonar wani ne, gobe ya koma aiki, Bajamushe in ya diro sai sansanin fursuna. Ga na'urar rada da ke gaya wa Ingilishi daga ina ake zuwa. Wanne daga cikin waɗannan ne jirgi, wanne ne matuƙi?

Sannan na ce wa yaron, wannan lissafin da kace ba ya ƙarya, yana ƙarya fa, ba don mugunta ba. Ranar 15 ga Satumba 1940 Birtaniya ta sanar da cewa ta harbo jiragen Jamus 185, bayan yaƙi da aka buɗe takardun Jamusawa aka tarar wajen 60 ne. Mutum uku su harbi jirgi ɗaya kowa ya koma gida ya rubuta nasa, wani jirgin ya yi hayaƙi ya nutse cikin gajimare ka ɗauka ya faɗi alhali ya lallaɓa ya kai gida. Kowane ɓangare ya yi wannan, har 'yan Finlan ɗin da na yaba. Duk wanda ya taɓa jin mafarauta suna bada labari bayan sun dawo daga daji ya san abin da nake nufi.

Amma a bar ma cewa 352 ɗin Hartmann gaskiya ce tsaf, nan ne ainihin inda nake so in tsaya don ni wannan lambar ba alamar ƙarfin Jamus ba ce, alamar ciwonta ce. Hartmann ya tashi aiki sama da sau 1,400. Me ya sa? Saboda su Jamusawa ba su da tsarin a ce ka yi zangonka ka dawo gida, kana tashi ne har sai ka mutu ko ka nakasa ko yaƙi ya ƙare. Kuma a fagen gabas filin jirginsu na dab da bakin daga, ya tashi sau uku sau huɗu a yini kuma kullum sama cike take da jiragen Rasha. Bong kuwa da ya kai 27 a Afrilun 1944 aka dawo da shi Amurka, daga baya ya koma a matsayin malamin koyar da harbi, da ya cika 40 aka ce ya isa haka tattara ka tafi gida. Thach mai sandunan ashana shi ma bayan Midway makaranta aka tura shi ya koya wa yara. Wato Amurka na cire gwanayenta daga wuta tana mayar da su malamai, Jamus da Japan kuma suna ƙona nasu har toka. Zuwa 1944 yaron Jamus da ake turowa fagen fama awannin da ya yi a sama yana koyo ba su kai rabin na ɗan Amurka ko ɗan Ingila ba, ga ƙarancin mai, ga Bf 109 mai tayoyi a matse wanda ko sauka da shi sai gwani, da yawa a filin jirgi ma suke kifewa ba wanda ya harbe su. Sai ka samu 'yan tsirarun dodanni masu ɗari biyu ɗari uku, kewaye da dubban yara da ba sa wuce tashi na biyar ko na goma.

Kawu ya gane wannan fiye da ni ma. Yace akwai wani oga da ya sani a garin nan, ba zai kama suna ba, hannunsa kan gearbox sai dai a ce masha Allah amma in zai yi aikin sai ya aiki yaransa siyo ruwa don kar su gani, ranar da ya kwanta ciwo garejin ya mutu kafin shi.

Na Japan ya ma fi muni. Saburo Sakai, ajinsu na koyon tuƙi a 1937 mutum 1,500 suka nema aka ɗauki 70, 25 suka gama. Irin waɗannan mutanen ba wasa ba ne, shi Sakai a Agustan 1942 aka harbe shi a ka kusa da Guadalcanal, ido ɗaya ya tafi, rabin jiki ya mutu, jini na zuba, a haka ya tuƙa Zero kusan awa 5 ya koma sansaninsu na Rabaul ya sauka. Amma in kana yaye mutum 25 a aji kuma yaƙi na cin ɗaruruwa ina za ka samo madadi? Sai aka koma gaggawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar 19 ga Yuni 1944 a tekun Filifin Japan ta rasa sama da jirage 300 a yini ɗaya, Amurka wajen 30, har Amurkawan suka riƙa kwatanta abin da harbin talotalo. Eh Hellcat, sabon jirgin Amurka, ya fi Zero a lokacin, ban musa ba, amma yaran da ke cikin Zeron wasunsu da ƙyar suke iya sauka a kan jirgin ruwa.

Ƙanina yace toh Yaya kenan jirgi ba komai ba ne? Nace a'a kar ka juya min magana. Mustang na Amurka da injin Allison na farko in ya hau sama sosai numfashinsa ƙarewa yake, da aka dasa masa Merlin aka rataya masa tankunan mai na ƙari sai ga shi yana raka jiragen jefa bam har Barlin a Maris 1944 ya dawo, kuma babu jarumtar da za ta kai Spitfire rakiya can, tankinsa ba zai kai ba kawai. Jirgi ne ke yanke inda za ka iya zuwa. Amma ka duba Me 262 na Jamus, jet na farko da ya shiga yaƙi, yana gudun kilomita 870 a awa, babu mai farfela da zai kamo shi, injinsa kuma bai fi ya yi awa 25 ba a sauke shi, kuma in zai sauka dole ya rage gudu a hankali kamar tirela mai lodi, sai abokan gaba suka daina binsa a sama suka koma yi masa kwanto a bakin filin jirginsa.

Wani abu da na ga ya ba su mamaki su biyun, yaƙin nan fa ya ratsa ta saman mu. Daga Satumba 1940 Turawan Ingila kan kawo jirage a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su, sannan a tuƙo su Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, El Geneina, El Fasher, Khartum har Alƙahira, tafiyar wajen kwana 6, jirgin jefa bam Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya Hurricane na biye kamar 'yan tsaki. Sama da jirage 5,000 suka bi wannan hanyar. In ka ja layi a taswira daga Kano zuwa Maiduguri ta ƙasar Katagum zai ratsa, arewacin jihar nan tamu, don haka ina yawan tunanin wani manomi a wajen Itas ko Gamawa ya ɗaga kai daga fartanya ya ga ayarin nan na wucewa cikin hazo. Waɗannan jiragen su ne suka je suka kara da su Hans-Joachim Marseille na Jamus a hamadar Libiya da Masar, yaron da ya yi ikirarin 17 a rana ɗaya, 1 ga Satumba 1942, 158 gaba ɗaya, kuma ba wanda ya harbe shi, ƙarshen watan injin sabon Bf 109 ɗinsa ne ya kama hayaƙi, ya yi tsalle zai fita ya bugi wutsiyar jirgin, yana ɗan shekara 22. Bong ma haka, gwajin sabon jet P-80 ne ya kashe shi ranar 6 ga Agusta 1945, ranar da aka jefa bam a Hiroshima. Kawu yace ka ga, sabon inji da ba a gama saninsa ba.

Kawu ne ya tuno da yaƙin basasarmu, lokacin yana yaro ana maganar MiG a rediyo. Gwamnatin tarayya na da jiragen yaƙi MiG-17 ƙirar Rasha, amma a Mayun 1969 wani ɗan Suwidin Carl Gustaf von Rosen ya zo wa Biyafara da ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 5, aka ɗaura musu rokoki, suna tafiya dab da kan bishiyoyi suka afka wa filayen jirgin Fatakwal da Benin da Inugu suka lalata jirage a ƙasa. Bai canza yadda yaƙin ya ƙare ba, amma MiG da ke fake ai ba ta fi tebur ba.

Na ajiye labarin Hartmann na farko don ƙarshe saboda na san zai ɓata wa yaron rai. Tashinsa na farko a fagen fama a Oktoban 1942, ya ga jirgin Rasha ya ruɗe ya bar jagoransa ya danna a guje, ya harba bai samu komai ba, ya ɓata cikin gajimare, da jagoran nasa Edmund Rossmann ya biyo shi don ya dawo da shi sai ya ɗauka abokin gaba ne ya yi ta gudu har mai ya ƙare ya yi saukar ungulu da Bf 109 ɗin. Hukuncinsa kwana 3 yana aiki da makanikai. Kawu yace da kyau. Shi Rossmann hannunsa ɗaya ya taɓa samun rauni ba ya iya kokawar shan kwana, don haka sai ya koya wa yaron abin da shi yake yi, ka hau sama, ka sa rana a bayanka, ka duba da kyau, in babu riba ka ƙyale, in akwai ka kawo sura kamar shaho sai jirgin ya cika maka gilashi sannan ka harba ka wuce, kar ka tsaya zagaye. Yana matsowa kusa har tarkacen jiragen da ya harba sun sha kayar da nasa jirgin, fiye da sau 10 yana saukar dole. Shi da kansa ya ƙiyasta cewa mafi yawan waɗanda ya harbo ba su ma san yana wurin ba. Ya ci na ƙarshe ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da Jamus ta miƙa wuya, sannan ya shekara 10 a kurkukun Rasha sai 1955 ya ga gida.

Lokacin masa ta huce miya ta daskare, Kawu ya kira ɗaya daga cikin yaransa yace zo nan ka ga yadda ake saita fulot, yau kai za ka yi ni ina kallo, yaron ya tsaya yana mamaki. Ƙanina kuma ya ga an kawo wuta ya roƙi soket a shagon mai faci ya jona laftof ya kunna data wai zai nuna wa Kawu Bf 109 da idonsa. Ya tashi lafiya, ya hango wani jirgi can ƙasa ya danna masa a guje yana cewa Kawu kalli kalli, bai kai ga harbi ba fiffikensa na hagu ya cire allon ya yi ja.

Kawu ya leƙo da maiƙo a hannu yace wa ya harbe ka?

Yace wallahi Kawu ban gan shi ba.